Yadda Ake Gwada Ƙasa Kafin a Gina Fos da Ramin Shanye Ruwa a Karkara

Mai gidan da ya yi niyyar sa masai na zamani a gidan gona ko a filin da ya saya a bayan gari yakan fara tambayar kuɗin siminti da ƙarfe da bulo, alhali abin da ya kamata ya fara sani shi ne ko ƙasar wurin za ta iya shanye ruwan da zai riƙa fitowa kullum. Fos, wato ramin siminti mai ɗaki biyu ko uku da ake zubo ƙazantar gida a ciki, babban aikinsa shi ne ya riƙe kauri ya kwanta a ƙasa, maiƙo ya taso sama. Ruwan da ke fita daga cikinsa zuwa ramin shanye ruwa, inda zai nutse cikin ƙasa, yana nan ɗauke da ƙwayoyin cuta, kuma ƙasar da ya shiga ce ke tace shi yayin da yake sauka a hankali. Idan ƙasar ta ƙi sha, ruwan zai dawo tsakar gida da wari; idan kuma ta sha da sauri fiye da kima, zai gangara bai tsarkaka ba ya haɗu da ruwan da muke ɗiba a rijiya. Wanda ya tuna kwalarar da ta shiga yankin Madarumfa a 2018, ta kuma sake dawowa jihar Maraɗi a 2021, ya san cewa wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Gwajin ba ya buƙatar injin, kuma mutum biyu za su iya gama shi cikin kwana biyu zuwa uku.

Kayan aiki

Ka tanadi felu da diga, da dagi saboda gyaran ƙananan ramuka. Ka nemi mitar awo, da sanda miƙaƙƙiya mai tsawon kimanin mita ɗaya, da ƙusoshi biyu ga kowane rami, da agogo ko salula mai nuna mintoci, da littafi da abin rubutu. Za ka buƙaci bokiti ɗaya na tsakuwa wankakkiya, da kwalba mai haske mai murfi, da igiya doguwa wadda za a ɗaura wa ɗan dutse, da katako ko tsohuwar tabarma ta rufe bakin rami. Abin da ya fi ci wa mutane tuwo a ƙwarya shi ne ruwa: kowane ramin gwaji yana cin lita 27 a cika ɗaya, ana kuma cika shi aƙalla sau huɗu, saboda haka rami uku ba za su ci ƙasa da lita 300 ba, a ƙasar rairayi ma sai an ninka. Ka yi magana da mai amalanke ko ƴan ga-ruwa tun da wuri, domin gwajin da ruwa ya yanke a tsakiyarsa sai an sake shi daga farko. Inda babu mitar awo, ma'aunin ƴan makaranta mai santimita 30 ya isa ga ƙananan ramuka, nisa kuma a auna shi da igiyar da aka yi wa ƙulli a kowace mita.

1. Zaɓen lokaci

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga ƙarshen Agusta zuwa cikin Satumba, sa'ad da ƙasa ta ƙoshi kuma ruwan ƙarƙashinta ya hau iyakar hawansa. Ramin da za ka gina zai yi aiki rani da damina, saboda haka a lokacin da ƙasa ta fi kasala wajen sha ya kamata a gwada ta. A watan Afrilu laka tana tsattsagewa, ruwan da ka zuba sai ya bi tsagar ya ɓace, ka ɗauka ka sami ƙasa mai kyau, sai damina ta faɗi lakar ta kumbura ta rufe kowace kafa. Idan ba ka da zaɓi sai gwajin rani, ka tsawaita jiƙon da za a bayyana a mataki na 5 zuwa kwana biyu cur. Kada kuma ka yi gwajin ana cikin ruwan sama ko washegarin ruwa mai ƙarfi.

2. Karanta filin kafin ka taɓa felu

Ka zaga filin ka gane inda yake gangara da inda ruwa ke kwanciya bayan an ɗauke ruwan sama. Manomanmu sun riga sun raba ƙasar wannan yanki gida uku, kuma rabon nasu yana da amfani ga magini kamar yadda yake da amfani ga mai shuka. Jigawa, ƙasar gero da gyaɗa wadda ta mamaye yawancin tudun jihar, tana shan ruwa nan take. Geza tana da tauri, ruwa yakan gudu a kanta kafin ya shige ta. Fadama, irin wadda ke bakin Gulbin Maraɗi daga Madarumfa da Jiratawa zuwa Tibiri da Gidan Rumji, lakarta mai nauyi ce kuma ruwa yana kusa. Tsohon garin Maraɗi a cikin wannan kwari yake, har ambaliyar 1945 ta sa aka hau da shi kan tudu. Duk inda gulbi ke malala a shekara mai ruwa ba wurin fos ba ne, komai kyawun sakamakon gwaji.

Ka tambayi dattawan wurin da masu gonakin da ke maƙwabtaka da kai inda ruwa ya taɓa kwanciya, da inda aka taɓa ɗibar ƙasar gini aka cike. Ramin da aka cike da shara da ɓaraguzai yana ba da sakamakon ƙarya.

Daga nan sai awon nisa. Ramin shanye ruwa ya kasance aƙalla mita 30 daga kowace rijiya ko famfon burtsatse, naka ko na maƙwabci, kuma ya kasance a gangare da rijiyar, ba a samanta ba. Ƙa'idar da ake bi a Faransa mita 35 ce daga rijiya, mita 5 daga ginin gida, mita 3 daga iyakar fili da kuma itatuwa, kuma ni ita nake bi. Ga itatuwa masu neman ruwa irin su dogon yaro da turare na fi son a ƙara nisa, domin saiwarsu tana bin laima har cikin tiyo ta toshe shi. Ka guji hanyar da mota ko amalanke ke bi da wurin ɗaure shanu, saboda takawa tana matse ƙasa. Inda ya cika waɗannan sharuɗɗa sai ka kafa turaku, a nan ne za a yi gwajin, ba a wani gefe da ya fi sauƙin haƙa ba.

3. Babban ramin dubawa

Wannan mataki ne mutane suka fi tsallakewa, kuma a ganina ya fi gwajin agogo muhimmanci. Ƙasar da ke tace ruwa ita ce busasshiyar da ke tsakanin gindin raminka da ruwan ƙarƙashin ƙasa, kuma ana so kaurinta ya kai aƙalla mita 1.5 a lokacin da ruwan ya fi hawa. Saboda haka idan gindin aikinka zai tsaya a mita ɗaya, ramin dubawa ya kai mita biyu da rabi.

Ka haƙa shi da faɗi, gefe ɗaya a yi masa matakala, ƙasar da ake fitarwa kuma a zuba ta nesa da baki. Rairayi yana ruftawa ba tare da wata alama ba, don haka kada kowa ya shiga ramin da ya wuce ƙirjinsa a jigawa sai an tokare bango da katako, kuma kada mai haƙa ya kasance shi kaɗai. Idan aikin yana buƙatar zurfin da ya wuce wannan, a kira masu haƙar rijiya, su ne suka san sirrin wannan sana'a.

Kana haƙa kana ajiye ƙasar kowane rabin mita a tsibi dabam, ka rubuta zurfin da launi ko laushi ya sauya. Ƙasa ja ko mai launin ƙasa-ƙasa bai ɗaya alama ce ta cewa iska na shiga ruwa kuma na wucewa. Ƙasa mai launin toka, ko mai ɗigo-ɗigon tsatsa a cikin toka-toka, tana nuna cewa ruwa yana zama a wannan zurfi wani lokaci na shekara ko da yau ka same ta a bushe, kuma daga nan ne za ka ƙirga matsayin ruwa, ba daga inda ka gan shi da ido ba. Idan diga ta ci karo da marmara mai tauri, ka duba ko shimfiɗa ce mai faɗi ko ɗan dunƙule ne, domin shimfiɗar marmara tana tare ruwa ya bi gefe maimakon ya sauka. Ka rufe ramin ka bar shi ya kwana. Idan da safe ka tarar ruwa ya tsattsafo, ka auna zurfinsa daga bakin ƙasa.

Rijiyoyin da ke kusa su ma shaida ne. Da asuba, kafin mata su fara ɗiba, ka saki igiya mai dutse har ka ji ta taɓa ruwa, ka auna. A kan tudu da arewacin jihar wajen Dakwaro ruwa yana da nisa ƙwarai, amma a kwarin gulbi wani wuri mita kaɗan ne, kuma a can ne ya kamata a fi tsananta wannan bincike.

4. Gwajin hannu da na kwalba

Ka ɗebo ƙasa daga zurfin da ruwan zai shiga, ba ta sama ba, ka jiƙa ta kaɗan ka murza. Wadda ta ƙi dunƙulewa rairayi ce. Wadda ta dunƙule amma ta karye da zarar ka so ka mulmula ta ta yi tsawo, gauraye ce, ita ce kuma ake nema. Wadda ta mulmulu ta yi tsawon yatsa har ta lanƙwasu ba ta tsage ba, laka ce.

Domin ƙarin tabbaci sai ka cika sulusin kwalba da ƙasar, ka ƙara ruwa, ka girgiza sosai ka ajiye. Rairayi yana kwanciya cikin minti ɗaya, lallausar ƙasa cikin kamar awa biyu, laka kuwa takan kwana ɗaya ko fiye kafin ruwan ya washe. Kaurin kowane hawa zai nuna maka abin da ya fi yawa.

5. Haƙa ramukan gwaji da jiƙa su

Ka haƙa rami uku a warwatse cikin wurin da ka kafa wa turaku. Biyu shi ne mafi ƙaranci, domin ƙasa tana iya sauyawa cikin taku goma. Da farko ka sauka da faɗi zuwa zurfin da tiyon da ke fitowa daga fos zai kwanta, wanda yawanci yake tsakanin santimita 60 da mita ɗaya. A gindin wannan sai ka yanka ƙaramin rami mai kusurwa huɗu, santimita 30 kowane gefe, zurfinsa santimita 35. Idan niyyarka rami ne mai zurfi irin wanda ake kira sokawe, ka sauke ɗaya daga cikin ramukan zuwa tsakiyar zurfin da kake nufi, kana iya amfani da matakalar babban ramin dubawa.

Felu yana goge bangon rami ya yi sumul, musamman a laka, sai ya toshe ƙananan kafofin da ruwa ke bi. Ka kankare bangon da gindin da ƙusa ko bakin wuƙa, ka kwashe abin da ya zube, sannan ka shimfiɗa tsakuwa mai kaurin santimita 5. Ka kafa sanda a tsaye cikin ramin, ka buga mata ƙusa ɗaya a santimita 7.5 daga saman tsakuwa, ta biyu a santimita 22.5. Tsakanin ƙusoshin nan santimita 15 ne, su ne za a auna.

Da yamma ka cika kowane rami har santimita 30 bisa tsakuwa. Ka zuba ruwan a hankali a kan wani ɗan katako ko tafin hannu, saboda ruwan da aka kwarara da ƙarfi yana rushe bango ya cika gindin da taɓo. Ka rufe ka bar shi ya kwana. Dalilin jiƙon shi ne busasshiyar ƙasa kamar mai ƙishirwa ce, shan farko ba ya nuna yadda za ta riƙa sha kullum. Idan ruwan ya ɓace cikin minti goma, ka sake cikawa, har sau goma in ta kama. Wanda ya ci gaba da ɓacewa haka, ka rubuta shi a matsayin mai saurin sha fiye da kima. Wanda kuma ka tarar da ruwa tsaye a cikinsa da safe, ya riga ya ba ka amsa, babu buƙatar agogo.

6. Awo da agogo

Da safe ka sake cika ramin zuwa santimita 30. Ka jira har ruwan ya sauka daidai ƙusar sama, ka rubuta lokaci. Sa'ad da ya kai ƙusar ƙasa ka sake rubutawa. Ka maimaita sau uku a kowane rami, kana rufe bakinsa tsakanin dubawa saboda rana da iska kada su sha maka ruwa, kada kuma awaki su sa baki. Ka haɗa lokutan kowane rami ka raba uku. Idan na uku ya fi na farko tsawo sosai, ƙasar ba ta gama ƙoshi ba, sai ka ƙara zagaye har lokutan biyu na ƙarshe su kusanci juna. Idan ramukan sun saɓa da juna da nisa, kada ka ɗauki wanda ya fi daɗin ji. Ka ƙara haƙa ɗaya, ka kuma yi lissafi da wanda ya fi jinkiri.

7. Fassara sakamako

Wannan tsarin awo daga wata ƙa'idar Birtaniya mai suna BS 6297 yake, inda ake raba daƙiƙoƙin da ruwan ya ɗauka da milimita 150, ana kuma karɓar ƙasar da amsarta ta faɗa tsakanin 15 da 100. A lissafin agogo, wannan yana nufin daga kimanin minti 38 zuwa awa 4 da minti 10. Misali, ramin da ya ɗauki minti 75 ya ɗauki daƙiƙa 4,500 ke nan, in an raba da 150 a sami 30, ƙasa mai kyau.

Wadda ta wuce awa huɗu ba za ta ɗauki ramin shanye ruwa na yau da kullum ba. Wadda ta gaza minti 38 ita ce ke ruɗin mutanenmu, domin yawancin jigawa nan take faɗawa, mai gida kuma sai ya yi murna cewa raminsa ba zai taɓa cika ba. Gaskiya ne ba zai cika ba, amma ruwan yana wucewa ne ba tare da ƙasa ta sami lokacin tace shi ba. A kan tudu inda ruwan ƙasa ke da nisan mita masu yawa kuma babu rijiya kusa, ana iya aiki da irin wannan ƙasa tare da gyaran da ke mataki na 9. A kwari, inda rairayi ke kwance kan ruwa mai kusa, ban yarda a gina ba.

8. Lissafin girman ramin

Ruwan fos ba ya shiga ƙasa kamar ruwan gwaji mai tsabta, domin da tafiyar watanni wani yauƙi yana rufe bangon rami ya rage sha. Saboda haka ana lissafi da adadi kaɗan, kuma bango kawai ake ƙirgawa, daga ƙarƙashin tiyo zuwa ƙasa, tun da gindi shi ne ke fara toshewa. Adadin da masana tsabtar muhalli ke amfani da shi ga kowace murabba'in mita a rana shi ne lita 50 a rairayi mai kaushi, 33 a lallausan rairayi, 25 a gauraye, 20 a laka mai sako-sako, 10 a matsattsiyar laka. Ni nakan haɗa shi da agogo: ramin da ya ɗauki kusan awa ɗaya ina ba shi 25, mai awa biyu 15, wanda ya doshi awa huɗu ƙasa da 10. In hannu da agogo suka saɓa, ƙaramin adadi nake ɗauka.

Ka ƙirga ruwan gidanka da jarkokin da ake amfani da su a rana, ka kuma sa da baƙi da iyalin da za su ƙaru. A ce mutum goma ne, kowa lita 40, lita 400 ke nan. A ƙasa mai shan 25 ana buƙatar bango murabba'in mita 16. Rami zagayayye mai faɗin mita ɗaya da rabi kewayensa kusan mita 4.7 ne, don haka sai ya yi zurfin mita 3.4 ƙarƙashin tiyo. Idan ramin dubawa bai ba ka wannan zurfi haɗe da mita 1.5 na tsaro ba, ka raba shi rami biyu masu tazara, ko ka yi doguwar kwata mai tsakuwa da tiyo mai huji: mai zurfin santimita 60 ƙarƙashin tiyo tana ba da murabba'in mita 1.2 a kowace mita, wato kana buƙatar kimanin mita 14. Na fi son kwata duk inda fili ya isa, saboda tana kusa da sama inda iska da ƙananan halittun ƙasa ke aikin tsarkakewa. Gidan da za a ja wa famfo har banɗaki ya ninka lissafin ruwansa.

9. Idan ƙasar ba ta dace ba

Ka fara gwada wani gefen filin, domin sau da yawa tudu kaɗan yana sauya komai. A rairayi mai saurin sha, ka bar rami mai zurfi ka yi kwata marar zurfi, ka shimfiɗa mata aƙalla santimita 60 na lallausan rairayi gauraye da ƙasa mai ɗan jiki, ka kuma ƙara nisa daga rijiya. A geza da laka, ka rage nauyin da ke kan ramin ta hanyar raba ruwan wanka da wanki ka kai shi gindin itatuwa ta ƙaramin rami mai tsakuwa. Inda ruwa ke kusa, ko dai a ɗaga tudun rairayi a shimfiɗa tiyon a cikinsa, wanda aiki ne da ke buƙatar ƙwararre, ko a gina rami rufaffe da mota za ta riƙa kwashewa in hanya tana kaiwa, ko a haƙura da masai mai ruwa a gina salga mai rami biyu da aka ɗaga bisa ƙasa, ana amfani da ɗaya ɗayan yana bushewa.

Abu biyu ne nake roƙon kada a yi ko da magini ya ba da shawararsu. Na farko, barin gindin fos babu siminti wai don kada ya cika, domin wannan yana tura ɗanyar ƙazanta kai tsaye cikin ƙasa. Na biyu, mayar da tsohuwar rijiya ramin shanye ruwa, wanda daidai yake da zuba ƙazantar cikin ruwan da dukan unguwa ke sha.

10. Bayan gwaji

Ka cike ramukan a ranar da ka gama, musamman babban, saboda yara da dabbobi. In dole ya kwana, a rufe shi da katako a kewaye da ƙaya. Ka zana filin a takarda, ka nuna rijiya da gida da itatuwa da inda kowane rami yake, tare da kwanan wata, zurfin da ƙasa ta sauya, da lokutan da ka auna. Ka kai takardar ga jami'in tsabta na ma'aikatar magajin gari ko na ofishin ruwa da tsabta ya duba kafin a fara aiki, ka ba magini kwafi, kuma ranar da za a haƙa ramin ka tsaya da kanka ka tabbatar an haƙa shi a cikin turakun da aka gwada, a zurfin da aka lissafa.